Rigar Ƙyalli da Safar Hannu: Shawarwari 12 ga Gidajen Masu Aikin Waje a Karaye da Rogo

Duk wanda ya taɓa tuƙi daga Gwarzo zuwa Karaye bayan magariba a watan Disamba ya san yadda hazo ke haɗiye mutum. Sai ka hango wani duhu-duhu a gaban fitila, kafin ka tantance kututture ne ko ɗan Adam, har ka iso kansa. Ashe manomi ne da buhun masara a bayan keke, ko yaro ke kora amalanken shanu, ko wata baiwar Allah ce da 'ya'yanta ke kwashe shanyar barkono a gefen kwalta. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowane sakan. Masana kiyaye haɗurra kan ƙiyasta cewa mai baƙaƙen kaya ba ya bayyana a fitilar mota sai saura kamar mita 30, alhali mai rigar ƙyalli tun daga kusan mita 150 ake hango shi. Tsakanin waɗannan lambobi biyu direba ke samun sararin taka birki.

Ƙasar Karaye da Rogo kuwa ƙasar masu ci da guminsu ce. Ga noman damina, ga noman rani da kamun kifi da suka samu gindin zama tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992, ga masu saran rake, masu buga bulo, 'yan walda, 'yan dako, da 'yan acaɓa da ke ci gaba da sana'arsu a garuruwanmu ko da aka hana goyon babur a cikin birnin Kano a 2013. Dukkansu jarinsu biyu ne: ransu da hannunsu. Maigida ko ɗa ne ke fita da kayan, amma sau da yawa uwargida ce ke wanke su, ita ke adana su, ita ke fara ganin sun mutu. Shi ya sa waɗannan shawarwari na gida ne baki ɗaya.

1. A fara da tambayar aikin kafin a taya kaya

Kafin a je kasuwa, a zauna a lissafa: wane aiki mutumin nan yake yi, da wane lokaci yake fita, da wane lokaci yake dawowa, me hannunsa ke taɓawa? Ɗan acaɓan da ke kai fasinja Rogo da asuba buƙatarsa daban da ta mai feshin gona, ta mai feshi kuma daban da ta birkila. Babu riga ɗaya ko safar hannu ɗaya da ke yin kowane aiki. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne don ya sayar. Jikinka ne zai gaya maka ba ɗaya ba ne.

2. Rigar ƙwarai abu biyu take haɗawa

Na farko shi ne yadin nan mai launin da ke ɗaukar ido. Shi da hasken rana yake aiki, ya fi amfani da hantsi, da la'asar sakaliya, da ranar hazo ko hadari. Da duhu ya rufa, launin ya tashi daga aiki. Na biyu shi ne ratsin nan mai ruwan azurfa da aka manna ko aka ɗinka a jiki. An yi shi da ƙananan ƙwayoyin gilashi ko wasu 'yan kusurwoyi masu mayar da haske inda ya fito, don haka idan fitilar mota ta haska shi, hasken idon direba yake komawa kai tsaye. Shi kuma da rana ba ya tsinana komai.

Saboda haka riga mai launi babu ratsi ta rana ce kawai, mai ratsi a kan baƙin yadi ta dare ce kawai. Wanda ke fita kafin gari ya waye ya dawo bayan isha'i, sai mai haɗe da duka biyun. A kuma san cewa farar riga ba ta maye gurbin ratsi. Ta fi baƙa, amma ƙurar hunturu ba ta barin ta fara har yamma.

3. A zaɓi launin da ya saɓa da wurin aiki

Launi uku aka amince da su a duniya: ruwan ɗorawa mai sirkin kore, ruwan lemo, da ja mai haske. Ma'aikatan jirgin ƙasa a Sikotilan ne suka fara gwada mai ruwan lemo a 1964, don direban jirgi ya hango su daga nesa. A wajenmu yanayi ne ke zaɓa wa mutum. Da damina, lokacin da masara da rake suka rufe gefen hanya da kore, mai ruwan ɗorawa kan saje da ganye, ruwan lemo ya fi fita. Da rani kuwa, a hanyar burji mai jar ƙasa da busasshiyar ciyawa, ruwan ɗorawa ya fi ɗaukar ido. Wanda ƙarfinsa bai wuce guda ɗaya ba, ya duba inda ya fi yawan wuni ya saya daidai da shi.

4. A gwada da fitilar waya kafin a biya

Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace tsare kuɗi. Kasuwa cike take da falmaran masu ratsin leda mai walƙiya wanda ba ya mayar da haske ko kaɗan, haka ma yawancin waɗanda ake rabawa kyauta a taruka da sunan wani ko wata ƙungiya a baya. Ido ba ya bambance su da rana.

Ga gwajin. A rataye rigar a lungu mafi duhu na shagon, a ja da baya gwargwadon yadda wuri ya ba da hali, a kunna fitilar waya a riƙe ta dab da ido, a haska. Dole fitilar ta kasance kusa da ido, don ratsin inda haske ya fito yake mayar da shi. Na ƙwarai zai tashi fari fat kamar an kunna ƙwai a cikinsa; jabu zai tsaya ruwan toka yadda yake. Ko a ɗauki hotonsa da filashi, bambancin zai fito ƙarara. Sannan a murza ratsin da yatsa, a ɗan karce gefensa da farce. Idan ya fara ɓarewa tun a shago, ba zai kai wanki uku ba. Mai shagon da ya hana gwaji ya riga ya ba ka amsa.

5. A karanta ɗan ƙyallen da ke wuyan riga

Rigar da aka yi bisa ƙa'ida tana ɗauke da lamba ISO 20471, da hoton falmaran da lamba 1, 2 ko 3 a gefensa. Lambar tana nuna yawan yadi mai launi da yawan ratsi. Mai lamba 1 ta wurin da abin hawa ke tafiya a hankali ce, kamar cikin tasha ko harabar kasuwa. Mai lamba 2, wato cikakken falmaran, ita ce mafi ƙarancin abin da ya dace da mai aiki a bakin kwalta. Mai lamba 3 tana da hannu mai ratsi ko kuma haɗe take da wando, ta masu gyaran titi ce da masu aikin dare inda motoci ke gudu.

Faɗin ratsi kada ya gaza santimita 5, wato kamar yatsu uku a jere, kuma ya zagaye jiki gaba da baya, ya hau kafaɗu biyu. Na kafaɗa shi ke nuna mutum idan ya sunkuya yana ɗaure kaya ko gyaran taya. Wani ƙyallen kan faɗi yawan wankin da rigar za ta jure, sau da yawa 25. Amma buga lamba ba wuya ga masu jabu, don haka gwajin fitila ne alƙali.

6. Sa ta yadda za ta yi aiki

Riga a cikin jaka ko a ƙarƙashin kujerar babur ba ta ceton kowa. A sa ta a saman komai, har saman rigar sanyi da rigar ruwa, don haka a sayi mai ɗan yalwa saboda hunturu. A rufe gabanta. Buɗaɗɗiya tana ɓoye rabin ratsin, iska kuma na kaɗa ta. Ɗan acaɓa ya tuna fasinja na rufe bayansa, mai feshi kuma jarkar goyo na rufe nasa. Maganin wannan shi ne ratsi a hannu da ƙafa. Bincike ya nuna direba ya fi saurin gane mutum ne idan ƙyallin na wuyan hannu da idon sawu, saboda motsin gaɓɓai. Tela na iya ɗinka ragowar ratsi a ƙafar wando da bakin hannun riga, kuma ba tsada.

Kada a tsaya kan mutum kaɗai. A manna ratsi a bayan amalanke, da kura, da baro, da keke. Amalanken da ya ɗauko kara ko rake da daddare ba shi da fitila ko ɗaya, ga faɗi, ga tafiyar hawainiya. Tsohuwar rigar da launinta ya koɗe amma ratsinta na aiki, a yanka a ƙusa a bayansa. Yaran da ake aika kwashe shanya ko kai abinci gona su ma a saya musu daidai jikinsu. A Faransa tun 2008 doka ta wajabta wa kowane direba ajiye irin wannan riga a mota saboda ranar lalacewa a hanya. Masu motocin haya da ke ɗaukar hatsi zuwa kasuwar Dawanau ba sai sun jira doka ba.

7. A yi la'akari da zafin bazara da kuma wuta

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma rigar da ta dafa mutum cire ta zai yi. Don haka a nemi mai raga-raga, marar nauyi, wadda iska ke ratsawa. Sai dai yawancin waɗannan riguna yadin leda ne: tartsatsi na taɓa su sai su narke su manne a fata. Ɗan walda, mai suya a bakin titi, mai dafa mazarƙwaila, da mai ƙona gona, su cire ta kafin su kusanci wuta. Su kayan auduga masu kauri suka dace da su.

8. Rigar ƙyalli ba rigar ceto ba ce

Masunta da masu fito a madatsun ruwan Challawa da Kusalla su kula da wannan. Launin rigunan biyu kan yi kama, amma falmaran na titi ba ya ɗaga kowa a ruwa. Rigar ceto tana da soso mai kauri a ciki, da igiyoyi masu maƙulli da ake ɗaurewa tam, kuma akan rubuta nauyin mutumin da za ta ɗauka. A gwada ta a bakin gaɓa inda ruwa bai wuce ƙirji ba kafin a dogara da ita. Ba mu manta da jirgin ruwan da ya kife a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda aka rasa rayuka da dama, akasari ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Wanda kuma ke wuni tsaye cikin ruwan rafi ko na dam, doguwar safar roba da dogon takalmin roba na rage masa haɗarin tsargiya, wadda ta fata take shiga.

9. Safar feshi: nan ne kuskure ya fi tsada

Maganin ciyawa da na ƙwari ta fata suke shiga jiki, kuma hannu ne ya fi kwasa, musamman lokacin buɗe kwalba da haɗawa, sa'ad da maganin ke da cikakken ƙarfinsa. Safar yadi ko ta fata a nan ta fi babu muni, don tana shanye maganin ta riƙe shi a jikin hannu wuni guda, gobe ma a sake sa ta. Siririyar safar asibiti kuma yagewa take a murɗa murfi ɗaya.

Abin nema shi ne safar roba mai kauri, wadda aka rubuta Nitrile a jikinta ko a ledarta, marar shafin yadi a ciki, mai tsawon da ya kusa gwiwar hannu. Ta ƙwarai na ɗauke da lamba 374 da hoton kwalbar gwaji. Kullum kafin a fita, a cika ta da ruwa a matse. Ko ɗigo ɗaya ya fito, ta gama aiki. Idan ƙasa ake fesawa, hannun riga ya sauko kan safa don kada magani ya gangara ciki. Idan sama ake fesawa, kamar bishiyar mangwaro, safa ta hau kan hannun riga a naɗe bakinta. In an gama, a wanke ta da sabulu tana hannu, sannan a cire, sannan a sake wanke hannu kafin goro, abinci ko alwala.

A duba ratsin launin da ke gindin kwalbar magani: ja ya fi kowane haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ko mai kore ba a zuba shi da hannu tsirara, ba a dama shi da yatsa, ba a busa bakin famfo da baki idan ya toshe. Wanda ya ji jiri, amai, dalalar yawu ko gani dishi-dishi bayan feshi, a cire masa kayan, a wanke shi da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Madara da manja ba makari ba ne.

10. Kowane aiki da safarsa

Mai saran rake, mai girbi da lauje, da mai ɗaukar kwano ko rodi, safa mai jure yanka suke buƙata. A bayanta akan ga hoton guduma da lamba 388, da lambobi huɗu a jere: na farko jure gogayya, na biyu yanka, na uku yagewa, na huɗu huda. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙarfi. Sababbi kan ƙara harafi daga A zuwa F, F ya fi jure kaifi. Hannun da ke riƙe rake, ba mai riƙe adda ba, shi ya fi shan sara, don haka ko guda ɗaya ce a sa masa.

Mai buga bulo da mai kwaɓa siminti su nemi wadda aka lulluɓe da roba, don jiƙaƙƙen siminti ƙuna yake yi a hankali, sai dare mutum ya ga fata ta saɓule. Idan ya shiga cikin safa, a cire nan take a wanke hannu. Ɗan walda tasa ta fata ce mai kauri mai dogon wuya, kuma a ƙasar majema da dukawa irin Kano wannan ba abin wahalar samu ba ne. Mai sayar da fetur a bakin hanya da makaniki su guji safar wanke-wanke ta gida, don mai na narkar da ita. Ta Nitrile ce tasu. Ɗan acaɓa ya nemi mai fata a tafi, saboda in aka faɗi tafin hannu ke fara dafa kwalta, ga kuma sanyin asuba da ke sandarar da yatsu a kan birki.

Wutar lantarki kuwa babu safar kasuwa da ke tare ta. Tata daban ce, an rubuta ƙarfin wutar da take jurewa, kuma gwada ta ake yi lokaci-lokaci. Kada safar roba ta ruɗi wani ya hau falwaya.

11. A auna hannu, a kuma san inda ake cire safa

A karɓi tef ɗin tela a zagaye tafin hannu ban da babban yatsa. Inci nawa ya ba da, ita ce lambar safar: inci 8 lamba 8, inci 9 lamba 9. Wadda ta yi yawa tana sulluɓe kayan aiki, wadda ta matse tana gajiyar da yatsu. A sa ta a shago, a dunƙule hannu, a gwada tsintar ƙusa daga ƙasa.

Akwai kuma wurin da safa ita ce haɗarin. A gaban injin casar masara, injin niƙa, injin matse rake, da duk abin da ke juyawa da bel, in inji ya kama bakin safa da hannun zai tafi gaba ɗaya. A nan hannu tsirara ake aiki, a tura kaya da itace, a naɗe hannun riga, a ajiye babbar riga, rawani da mayafi nesa, a kuma kashe inji ɗungurungum kafin a zaro abin da ya maƙale.

12. Wanki, ajiya da saye

Uwargida, rigar ƙyalli ba ta son bilic, ba ta son burushi, ba ta son bugu, ba ta son dutsen guga a kan ratsi. A juya cikinta waje, a wanke da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa, don rana ke cinye launin. Amma a riƙa wanke ta, saboda ƙura da baƙin mai na dushe ƙyallin. Duk wata a maimaita gwajin fitila a tsakar gida.

Kayan feshi kuwa bokitinsu daban, ba a haɗa su da na yara, kuma mai wankin ita ma ta sa safa. Mai juna biyu da mai shayarwa su bar wa wani wannan wankin. Ruwan a zubar nesa da rijiya, da kwatar da kaji ke sha, da rafin da ke gangarawa dam. A rataye su a waje, ba a ɗakin kwana, madafi ko rumbu ba.

Wajen saye, shagunan kayan gini na Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano sun fi zaɓi. Gwanjo na iya yi ga riga in ta ci gwajin fitila, amma safar feshi sabuwa ake saye, don ba a san abin da tsohuwa ta sha ba. 'Yan acaɓa, ƙungiyoyin manoman rani da 'yan sintiri su haɗa kuɗi su sari dozin, ya fi sauƙi, kuma kunyar sawa na gushewa in kowa ya sa. Wanda ɗan kwangila ko mai gidan bulo ya ɗauka aiki ya nemi kayan kariya tun ranar da ake yanke lada, don nauyin mai aikin ne, ba alfarma ba.

Wasu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma malamanmu sun koya mana tawakkali tare da riƙo da sababi yake tafiya, kuma babu manomin da ke barin gona ba shuka ya ce ya dogara. Yau da daddare, bayan an ci tuwo, a tsayar da mai fita aiki a ƙofar gida cikin kayan da ya saba dawowa da su, a ja baya taku talatin, a haska shi da fitilar waya. Abin da kuka gani, shi direba ke gani. In bai fito ba, ranar kasuwa mai zuwa a sa rigar ƙyalli da safar hannu a cikin cefane.